Hanyar Ko-ta-kwana: Yadda Za Ka Isa Ga Sabobinka Daga Nesa Ranar Da Netwok Ya Mutu

Ƙarfe biyu na dare kana zaune a Kano, kayan aikinka kuwa suna cikin wani rak, wato kabad ɗin ƙarfe da ake jera sabobi (kwamfutocin da ke yi wa kwastomomi hidima), a wata cibiyar bayanai a Legas. Ka shiga rauta, wato na'urar da ke haɗa netwok ɗinka da waje, don ƙara layi ɗaya a dokokin tace zirga-zirga, ka danna Enter, sai allo ya tsaya cak. Rautar lafiyarta ƙalau, fitilunta sai ƙiftawa suke, amma layin da ka rubuta ya tare kowa, har da kai. Ka kulle gida da hannunka, mabuɗin na ciki, kuma tsakaninka da ƙofar akwai tafiyar kusan kilomita 1,000. Ni nawa daren ya ƙare ne da roƙon wani ma'aikacin dare a cibiyar ya nemo kwamfuta da wayar kwansol, wadda ake jonawa kai tsaye a jikin rauta don a ba ta umarni ba ta netwok ba, ina karanta masa umarni harafi-harafi ta waya har aka kira asuba.

Maganin wannan shi ne abin da injiniyoyi ke taƙaitawa da OOB (out-of-band), ni kuwa na fi son in ce mata hanyar ko-ta-kwana: hanya ta biyu ta isa ga na'urori, wadda ba ta bi ta netwok ɗin da kwastomomi ke hawa. Sayen kayanta ba shi da wuya. Inda gizo ke saƙa shi ne ka tabbatar ba ta jingina da abin da aka gina ta don ta ceta ba.

Manya ma sun faɗa wannan ramin. Ranar 4 ga Oktoba 2021, umarni ɗaya da aka bayar ana cikin aikin gyara na yau da kullum ya katse babban netwok ɗin da ke haɗa cibiyoyin bayanan Facebook, suka ɓace tare da Instagram da WhatsApp na kusan awa shida. Kamfanin da bakinsa ya ce hanyar shigarsu ta kullum da ta ko-ta-kwana duk sun faɗi tare, sai da aka tura injiniyoyi da ƙafa, kuma tsaron gine-ginen da na na'urorin ya ƙara ja musu lokaci. Haka kamfanin sadarwa na Rogers a Kanada ranar 8 ga Yuli 2022, inda sama da mutum miliyan 12 suka rasa sabis. Binciken da hukumar sadarwar ƙasar ta sa aka yi ya nuna netwok ɗin da suke kula da na'urori ta cikinsa yana hawa ne kan wanda ya faɗi, kuma manyan ma'aikata da dama ba su da layin wani kamfani da za su kira juna. Gemun ɗan'uwa ya riga ya kama wuta, ga yadda za ka shafa wa naka ruwa.

Mataki na farko: ƙirga ƙofofin da kake da su

Ɗauki takarda ka bi rak ɗin daga sama zuwa ƙasa. Kowace na'ura ka yi mata tambaya uku. Idan babbar manhajarta ta mutu, ta ina zan ga allonta? Idan netwok ɗinta ya mutu, ta ina zan ba ta umarni? Idan ta sandare gaba ɗaya, ta ina zan ɗauke mata wuta in mayar?

A sabobi, amsar tambayoyin uku duka tana hannun BMC. Wata ƙaramar kwamfuta ce manne a jikin babban allon sabar, da nata firosesa da ƙwaƙwalwa da kafar netwok, kuma tana aiki muddin wayar wuta na jone, ko da sabar a kashe take. Dell na kiran tata iDRAC, HPE na ce mata iLO, Lenovo kuma XClarity Controller. Ta cikinta za ka ga allo tun daga BIOS (manhajar da ke fara tashi kafin babbar manhaja), ka buga kibod, ka jona fayil ɗin ISO daga kwamfutarka kamar ka zura faifai, ka kunna ka kashe, ka duba zafi da lafiyar fanka da faifan ajiya. Ranar 19 ga Yuli 2024, da sabuntawar manhajar tsaro ta CrowdStrike ta durƙusar da na'urorin Windows kimanin miliyan 8.5, gyaran shi ne a tashi na'ura a Safe Mode a goge fayil ɗaya. Mai BMC ya yi wa sabobinsa daga kan kujera, marar ita sai da ya sa takalmi.

Sai dai ka duba lasisi tun yau. Ganin allo daga nesa a iDRAC yana buƙatar lasisin Enterprise, a iLO kuma na Advanced ne ke barinka ka ci gaba da gani bayan babbar manhaja ta tashi. Wanda ya sayi saba ta hannu, kamar yadda da yawanmu ke yi, sau da yawa ba ya gano babu lasisin sai ranar da yake tsananin buƙata.

Rauta da suwici (akwatin da wayoyin netwok ke haɗuwa a kansa) da katangar tsaro, su ƙofarsu ita ce kafar kwansol. Akwai kuma kafar gudanarwa ta Ethernet a jikin yawancinsu, ka jona ta, amma kada ka ɗauka ta wadatar: tana aiki ne kawai idan manhajar na'urar ta tashi lafiya. Kwansol kuwa tana magana tun daga numfashin farko, har lokacin da na'urar ta maƙale a tsakiyar sabuntawa.

Mataki na biyu: ware mata netwok nata

Sayi suwici daban, ƙarami mai kafa 24 ko 48 ya isa rak ɗaya ko biyu, kuma ba sai mai gudu ba. Duk kafofin BMC da na gudanarwa su taru a kansa da waya mai launi na musamman, yadda ko ma'aikacin da bai san kayanka ba za ka ce masa "jar wayar" ya gane. Ba shi rukunin adireshin IP nasa, ka rubuta wa kowace na'ura adireshinta da hannu. DHCP, wato tsarin da ke raba adireshi da kansa, a nan jingina ce da wata saba wadda ita ma tana iya mutuwa.

Za a ce maka VLAN, wato raba suwici ɗaya gida-gida ta manhaja, ma ta wadatar, me ya kai ka ɓarnar kuɗi? VLAN tana raba zirga-zirga, gaskiya ne, amma ba ta raba ƙaddara. Idan suwicin da ke ɗauke da ita ya sandare, ko guguwar bayanai ta cika shi, ko kai da kanka ka goge ta daga babbar waya bisa kuskure, ta tafi tare da sauran. In aljihu ya hana, fara da VLAN don ta fi babu, amma ka san ka samu rabin tsaro ne, ceto kuwa ba ka samu ba.

Wani tarko da ya kamata ka tsaya a kansa: BMC tana iya amfani da kafarta ta musamman, tana kuma iya raba kafa da sabar. Allunan Supermicro da yawa suna fitowa a saitin da idan BMC ba ta ga waya a kafarta ba, sai ta koma kan kafar sabar ta farko ba tare da ta sanar da kowa ba. Idan waccan kafar tana fuskantar intanet, to BMC ɗinka ta fita kasuwa kenan. Shiga saitin kowace saba ka ƙayyade mata kafarta kaɗai, sannan ka tabbatar ta shafinta.

Mataki na uku: sabar kwansol

Akwati ne mai kafofin siriyal 8, 16 ko 48, kowace kafa da waya zuwa kwansol ɗin na'ura ɗaya. Ka shiga akwatin ta SSH (hanyar ba da umarni daga nesa mai tsaro), ka zaɓi kafa, sai ka tsinci kanka kamar kana tsaye gaban na'urar. Opengear, Lantronix, Digi, Raritan da Avocent duk suna yin su. Mai rak ɗaya zai iya haɗa nasa da ƙaramar kwamfuta mai Linux da wayoyin USB zuwa siriyal, kuma yana aiki, illa dai sai ka ɗaure sunan kowace waya da lambarta, in ba haka ba bayan an kashe an kunna sai ka ga ta farko ta koma ta uku.

Abu biyu ne ke ɓata wa mutane rai a nan, waya da gudu. Kafar kwansol irin ta Cisco kamanninta ɗaya da ta Ethernet, amma jerin wayoyin cikinta daban ne. Wasu sabobin kwansol an yi su yadda wayar netwok ta gama-gari za ta yi, wasu kuma sai mai juyayyen jeri. Duba littafin akwatinka kafin ka yi odar waya arba'in. Gudu kuwa, na gargajiya 9600 ne, sababbin na'urori da yawa kuma 115200. In ka ga haruffa marasa ma'ana suna zubowa, gudun ne bai dace ba. In ba ka ga komai ba, fara zargin wayar.

Kunna ajiyar duk abin da ke fitowa daga kowace kafa, ko da ba kowa a kai. Rauta idan za ta mutu takan yi wasiyya ta kwansol, kuma sau da yawa wannan ce kaɗai shaidar da za ka samu washegari. Sa wa kowace kafa sunan na'urarta, ka manna sunan a bakin wayar biyu. Sabobin Linux ma ka saita GRUB (manhajar da ke tayar da Linux) da kanel (zuciyar Linux ɗin) su riƙa magana ta siriyal, domin rubutu zalla yana wucewa ta layin waya mai rauni inda hoton allo zai yi ta sarƙewa.

Mataki na huɗu: wuta

Akwai ranar da ba umarnin da zai yi aiki sai an zare filogi an mayar. Wannan aikin PDU mai sarrafuwa ne, wato dogon soket ɗin rak da ake iya kashe kowace kafarsa daga nesa. Jona shi kan suwicin ko-ta-kwana, ka kuma haɗa kwansol ɗinsa da sabar kwansol. Na'ura mai wayar wuta biyu ba za ta mutu ba sai ka kashe kafofin biyu tare, don haka ka haɗa su rukuni ɗaya da suna ɗaya. Taswirar wace kafa ke ciyar da wa kuma dole ta zama gaskiya. Kashe rumbun bayanan kwastoma a madadin rautar da ta sandare, kuskure ne da lamba ɗaya ke jawowa.

Su kansu kayan ko-ta-kwana su sha daga layukan wuta biyu na cibiyar. Mai waya ɗaya ka sa masa ƙaramin ATS da ke sauya layi da kansa. Kuma ka kulle kafofin da ke ciyar da sabar kwansol da suwicinta yadda ba za a iya kashe su daga nesa ba, don wanda ya kashe su ba shi da hanyar sake kunnawa.

Mataki na biyar: ta ina za ta fita waje?

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yaudarar kai. Duk abin da ka gina a baya banza ne idan fitarsa waje ta rautar kamfaninka ce.

Mafi sauƙi shi ne layin waya. Yawancin sabobin kwansol na zamani suna da gurbin SIM, wasu guda biyu, sai ka sa na kamfanoni biyu daban, misali MTN da Airtel. Amma ɗakin sabobi akwati ne na ƙarfe da kankare, sabis ɗin da ka gani a bakin ƙofa ba shi ne na cikin rak ba. Auna shi a inda akwatin zai zauna, ƙofa a rufe, in ya yi rauni ka nemi izinin cibiyar a ja eriya waje. Layin kuma a yi masa rajista da sunan kamfani, kada ya zama na wani ma'aikaci da zai iya barin aiki gobe, a kuma ɗora shi kan tsarin biyan wata-wata. Layin da aka bari ba a amfani da shi kamfani na iya rufe shi, data kuma tana ƙarewa a shiru. Na taɓa ganin akwatin da ya shekara yana jiran ranar aikinsa, ranar ta zo aka tarar layin ya daɗe da mutuwa.

Sannan layin waya ba ya ba ka adireshin da za a iya nemanka da shi daga waje, domin kamfanonin suna tara dubban masu amfani a bayan adireshi ɗaya. Saboda haka akwatin ne zai riƙa kiran waje: ya buɗe bututun VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro ta cikin intanet, na WireGuard ko IPsec, zuwa wata matattara, kai ma ka same shi a can. Wannan ya ma fi tsaro, tunda babu ƙofar da ke buɗe tana jiran baƙo. Tambayar ita ce, ina matattarar take? Idan tana kan wata saba a cikin cibiyar da kake son cetowa, ka dawo gidan jiya. Ajiye ta a wata cibiya ko a wurin wani mai ba da hayar sabobi daban, biyu in da hali.

Mu a nan akwai ƙarin abin lura. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama har da Najeriya da Ghana. Wanda sabobinsa ke Legas, shi yana Kano, amma matattararsa tana Turai, ya ga yadda tafiyar cikin gida ta koma sai ta teku. Ka samu matattara ɗaya a cikin ƙasa. A watan Satumban 2021 kuma an rufe sabis ɗin waya a jihar Zamfara baki ɗaya da wasu sassan maƙwabtanta saboda matsalar tsaro, ranar da layi biyu da layi goma duk ɗaya ne. Mai kaya a irin waɗannan wurare ya duba tauraron ɗan'adam, tunda Starlink ta fara aiki a Najeriya tun Janairun 2023. Idan kuma cibiyar da kake haya tana sayar da ƙaramin layin intanet na daban don wannan aikin, karɓa, amma ka tambaye su ta wace waya yake fita daga ginin. Kamfani biyu da wayoyinsu ke kwance a rami ɗaya, katafila ɗaya ce ke yanke su.

Mataki na shida: tsare ta fiye da komai

Yanzu ka gina hanyar da ke kai mutum ga allon kowace saba, da wutarta, da kwansol ɗin kowace rauta. Wanda ya samu kwansol ɗin rautar Cisco da ikon kashe mata wuta zai iya tsallake kalmar sirrinta yayin da take tashi. Wanda ya samu BMC ya fi mai babban asusun sabar iko, don yana ƙarƙashin manhajar da ke sa ido. Kada garin neman gira a rasa ido.

Tsarin IPMI da BMC ke magana da shi ya fito ne a 1998, sigarsa ta 2.0 kuma a 2004, yana saurare a kafar UDP 623. A 2013 mai bincike Dan Farmer ya bankaɗo cewa na'urori da yawa suna karɓar wani salo mai lamba sifili wanda kowace kalmar sirri ka ba shi ya amince. Mafi muni, tsarin da kansa yana miƙa wa duk wanda ya san sunan asusu curarren hoton kalmar sirrin tun kafin a tantance shi, ya tafi gida ya yi ta gwaji a nitse. Wannan a ƙirar tsarin yake, sabuntawa ba ta goge shi. A 2017 an gano ana iya tsallake tantancewar iLO 4 da harafin A guda 29 a cikin buƙata ɗaya. A ƙarshen 2021 kuma aka bayyana iLOBleed, muguwar manhaja da ke zama a cikin iLO ɗin kanta, ko an goge sabar an sake ɗora mata komai tana nan daram. Ba mamaki a Yunin 2023 hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta umarci ma'aikatun gwamnatin tarayya su janye irin waɗannan ƙofofi daga intanet, ko su sa musu tsaro na musamman, cikin kwana 14 da gano su.

Saboda haka kada BMC ko sabar kwansol ko PDU su taɓa samun adireshin da intanet ke gani. Ka yi musu zaure. A gidan Bahaushe baƙo ba ya wuce zaure sai an yi masa iso, haka nan ma: saba ɗaya tak, tsaftatacciya, ita kaɗai ke da izinin magana da netwok ɗin ko-ta-kwana, kowa ta nan zai bi, da asusunsa na kansa da tantancewa mai hawa biyu, kuma ana naɗe duk abin da ya buga. Canza kalmomin sirrin da aka fito da su daga masana'anta, irin root da calvin na tsofaffin Dell ko ADMIN da ADMIN na tsofaffin Supermicro, kowace na'ura da tata daban. Kashe IPMI ta netwok inda sabon tsarin da ya gaje shi, Redfish, zai yi maka aikin, wanda ƙungiyar DMTF ta fitar a 2015 kuma yana tafiya kan HTTPS. Kashe tsofaffin hanyoyin shiga marasa tsaro, wato Telnet da HTTP da tsohon SNMP. Hana BMC ɗin magana da junansu, ka kuma hana su fita intanet. Sa lokacin da kwansol zai fitar da mutum idan ya bar shi a buɗe, don wanda ya shigo bayansa zai gaji zamansa ne. Manhajar cikin BMC kuma ta shiga jadawalin sabuntawa kamar kowace saba. Kafin ka sayar da tsohuwar saba, ko bayan ka sayi ta hannu, mayar da BMC ɗinta saitin masana'anta.

Mataki na bakwai: farautar ɓoyayyun igiyoyi

Zauna da abokan aiki ku ɗauka cibiyar gaba ɗaya ta yi duhu, ku bi shigarku taki-taki. Tantancewa tana tafiya ga sabobin da ke tabbatar da asusu, irin RADIUS ko TACACS+ ko Active Directory, su kuma suna ina? In suna ciki, kowace na'ura tana buƙatar asusun gaggawa na cikinta, kuma a saita ta ta koma kansa idan ba ta ji amsa daga waje ba. Kalmomin sirrin gaggawar suna ina? Idan rumbunsu yana kan sabar da ta mutu, sai a yi ta kallon-kallo. Ajiye kwafi a wani wuri, ko da ambulan ne a rufe cikin sef, a kuma canza su duk lokacin da aka buɗe. Mabuɗan BitLocker, manhajar da ke kulle faifan ajiyar Windows, ma haka, don a ranar CrowdStrike akwai waɗanda suka ga allon sabarsu sarai amma mabuɗin yana cikin wata sabar da ita ma ta faɗi. Sunayen na'urori suna buƙatar DNS, tsarin da ke mayar da suna adireshi, don haka zaure ya riƙe nasa jerin sunaye da adireshi. Agogo ma igiya ce: lambobin tantancewa da takardun shaidar HTTPS duk suna lalacewa idan lokaci ya karkace, sai ka ba netwok ɗin nasa NTP, wato sabar daidaita agogo. Taswirar rak, lambar wayar cibiyar, lambar kwantiraginku, duk su kasance a wayar kowane mai jiran aiki. Ku kuma amince tun yau a ina za ku yi magana idan manhajar hirar kamfani ta tafi.

Mataki na takwas: gwaji

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sa na'urar sa ido, wadda ke wajen cibiyar, ta riƙa leƙa bututun VPN da layin SIM kullum, ta yi ƙara idan sun yi shiru. Wannan zirga-zirgar ma tana hana layin zama kamar wanda aka watsar.

Duk wata uku kuma a yi na gaske. Zaɓi wanda bai gina tsarin ba, zai fi kyau sabon ma'aikaci, ya zauna a gida da datar wayarsa, ba tare da VPN ɗin ofis ba. A lokacin da aka ware don gyara, ku rufe hanyar shiga ta kullum da gangan. Ya shiga zaure, ya buɗe kwansol ɗin babbar rauta da asusun gaggawa, ya ga allon BIOS na saba ɗaya, ya ɗora mata ISO, ya kashe wa na'urar gwaji wuta ta PDU ya mayar. Ya bi kafofin kwansol ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar sunan da ke kan kowacce shi ne na'urar da ta amsa, domin mutane na sauya waya ba su faɗa. Duk inda ya tsaya ya kira wani don tambaya, nan ne takardunku suka gaza, a gyara a ranar. A rubuta minti nawa ya ɗauka daga fara nema zuwa ganin allo.

Kafin duk wani canji mai haɗari a rauta kuma, buɗe kwansol ta hanyar ko-ta-kwana tukuna ka bar shi a gefe, sannan ka ɗaura wa na'urar igiyar dawowa. A rautar Juniper, umarnin commit confirmed yana mayar da tsohon saiti bayan minti 10 idan ba ka tabbatar ba. A Cisco, reload in 10 zai sake tashin rautar da saitin da aka adana, muddin ba ka adana sabon ba. In komai ya tafi daidai, kada ka tashi daga kujerar sai ka buga reload cancel.